Kofin da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Assalamu alaikum. Labarin jinyar mijina zan ba ku, ko in ce wanda yake mijina a lokacin. Kada ku yi saurin yi mini ta'aziyya, bai mutu ba. Yana nan da ransa, ya ma fi da ƙiba, in kuka haɗu da shi a kasuwa ba za ku ce ya taɓa kwanciya ko da ciwon kai ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda matan da za su zauna a kan bencin da na zauna, da mazan da za a kira cikin ɗan ƙaramin ɗakin nan na asibiti a rufo ƙofa. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe.

A kasuwa Injiniya ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Gyaran keken ɗinki yake yi a Babbar Kasuwa, kuma ba na jin akwai tela daga Kawo har Unguwar Sarki, mace ko namiji, da bai san fuskarsa ba. Ya taɓa aure kafin ni, matar ta rasu bayan doguwar jinyar da aka ce taifot ne. Da maganar aurenmu ta taso, yayana ya ce a yi gwajin jini. Baba ya daka masa tsawa: "Ɗan Malam Sule ne fa! Da ubansa muka yi karatun allo. Wane irin gwaji?" Aka ɗaura aure a ƙofar gidanmu a Unguwar Kanawa, aka kai ni Mando, gidan haya, ciki da falo.

Cikina na fari ya zube. Shi ya sa da na samu na biyu ban tsaya jiran ya fito ba, na ruga awo da wuri. A asibitin akwai ƙa'ida: mijin mai ciki zai ba da jini a ajiye saboda ranar haihuwa. Injiniya ya raka ni yana ta barkwanci, wai jininsa ya isa a raba wa mata uku. Aka ɗebi ɗan kaɗan don a duba. Muna zaune yana ba ni labarin wata tela da ta zuba wa kekenta man ja, aka kira shi ciki. Ya daɗe. Sai wata nas babba, mai furfura a goshi, ta leƙo ta ce in shigo, mijina ya yarda a yi maganar a gabana.

Ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu. Nas ɗin, wadda kowa ke ce wa Anti, ta ce an ga ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki a jininsa. Nawa kuma, wanda aka ɗiba ranar da na yi rajistar awo, babu komai a ciki. Na ce innalillahi, na sake cewa, bakina ya ƙi tsayawa. Ta bari na gama, sannan ta juya wajensa.

"Malam, ka saurare ni da kunne biyu. An gano ta kana kan ƙafafunka, wannan babbar sa'a ce. Magani kyauta ne, ƙwaya ɗaya kullum. In ka fara yau, ka riƙe shi ba fashi, nan da wasu watanni za mu auna jininka mu ga cutar ta kwanta, har na'ura ta kasa ganinta. Wanda tasa ta kwanta haka, kuma bai daina shan magani ba, ba ya sa wa matarsa. Ka fara yau, kafin ta haihu ka ji sakamakonka."

Ni na ji. Shi ban san abin da ya shiga kunnensa ba. Ya ce zai je ya yi shawara, ya dawo.

Mun isa gida ana kiran azahar. Bai zauna ba, bai cire takalmi ba. Ya tsaya tsakiyar falo ya ce, "Sa'adatu, Allah ya tsare ki shekara biyu a hannuna, ba zan ƙara gwada Shi ba. Na sake ki, saki ɗaya. Ki tafi da lafiyarki."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ce, "Injiniya, me ka ce?" Ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa don ni ya yi. Na sani don ni ya yi, shi ne ma abin haushin. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ya ɗauka zan haɗa kaya in nufi Unguwar Kanawa, kamar yadda mata ke yi. Ni kuwa na yi Islamiyya, ban je cin gyaɗa ba. Na ce masa, "Iddar mai ciki sai ta haihu, kuma a ɗakin mijinta ake yinta. Ba inda za ni. Daga yau har ranar da zan sauka, kalma ɗaya ce tsakaninmu: ka ce ka maida ni, shi ke nan, ba sadaki ba shaidar kowa. In kuwa na haihu ba ka faɗa ba, ka san sauran." Ya ce ya sani. Muka yi alkawari ba mai jin ko ɗaya daga cikin maganganun biyu, ta ciwon da ta sakin. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A ranar ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo. Ya ware kwanonsa da cokalinsa. Ya ɗauki kofi ɗaya cikin kofunan silba na kayan aurena, ya zaro jan zare daga jakar aikinsa, ya nannaɗa a hannun kofin ya ƙulle. Ya ce kada in kuskura in kai shi bakina.

Makon farko bai koma asibiti ba. Na biyu ma haka. In na yi magana sai ya miƙe ya buga ƙirji: "Dube ni. Mai ciwo ne wannan? Magani ai na wanda ya kwanta ne." Da na matsa masa ya shirya ya tafi, kafin hantsi sai ga shi ya dawo. Wai ya hango wata tela da yake yi wa gyara tana wucewa ta kusa da layin, ya juya da baya. "Sa'adatu, in aka gan ni a bencin nan, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. Wa zai ƙara ba ni kekensa?"

Maimakon asibiti, sai ya bi wani mai maganin gargajiya, irin masu yawo da lasifika a kan mota. Bai gaya masa sunan ciwon ba, ya ce dai a ba shi mai wanke jini. Aka haɗo masa jarka guda ta wani baƙin ruwa mai ɗaci, a kan kuɗin da muka tara na ragon suna. Na asibiti kyauta, ya tsallake shi ya je ya sayi gudawa. Kwana da kwanaki yana zarya bayan gida, ga tunani, ga rashin cin abinci. Mutumin da ya shiga asibiti da ƙafafunsa yana dariya, cikin wata guda wuyansa ya fito, wandonsa sai da ya ƙara wa mazagi ƙulli.

Nan 'yan'uwa suka fara zuwa dubiya, kowa da likitancinsa. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce shawara. Yayarsa, Yaya Talatu, ta zo daga Rigasa da ƙullin turare da rubutu a galan, ta ce ita ba ta da shakka asiri aka yi masa a kasuwa, don hannunsa ya fi na abokan sana'arsa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuwa amarya sai sheƙi kike yi, ƙanena yana ƙarewa. Anya kina ba shi abinci?" Na ce ina ba shi, Yaya. Na shiga kicin na tsaya gaban risho ina kallon tukunya. Ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Uwata, Inna, tana nan Unguwar Kanawa, kuɗin keken haya ɗaya ne tsakaninmu, amma in na je sai dai mu yi hirar tsadar shinkafa in dawo.

Abin da ya karya masa taurin kai wasu ƙuraje ne da suka feso masa a haƙarƙari, gefe ɗaya, jere kamar an zana, masu zafin wuta. Ko riga ba ya iya sawa. Ga zazzaɓi a kai. Da safe na same shi zaune ya dafe bango, ya ce da ni, "Haka ta fara." Matarsa ta fari yake nufi. Na ɗauko mayafina na fita na tsayar da keke.

Anti ta gan mu ta riƙe baki. "Malam, ina ka shige? Kusan wata biyu!" Ba ta yi masa faɗa da yawa ba, Allah ya saka mata da alheri. Aka ba shi maganin ƙurajen, wannan mu muka saya, aka yi wasu gwaje-gwajen da su ma sai da muka biya, sannan aka miƙo masa robar ƙwayoyin. Anti ta dubi cikina ta yi lissafi da yatsu, ta girgiza kai. Ta ce da ya fara ranar da ta ce, da an auna shi da sauran lokaci. Yanzu kuwa awon jininsa da haihuwata za su zo kusan tare.

Maganar layi kuma ni na ɗauke masa. Ranar karɓar magani mukan fita da sassafe, ni in zauna a benci da katinsa a hannu, shi kuma ya sa takunkumi ya laɓe bayan rumfar mai shayi a bakin ƙofa. In layi ya kusa zuwa kaina sai in yi masa filashin, ya shigo da sauri kai a ƙasa. Haka na riƙa zama da tulelen ciki a tsakiyar masu karɓar magani, kowa ya ɗauka ni ce. Layin ba ya tafiya. Wani lokaci tun bakwai sai bayan azahar, ga ƙafafuna sun kumbura, ga ma'aikacin kati da sai ya gama shan shayinsa da hirar ƙwallo kafin ya dube mu. Wata rana wata mata da ke kusa da ni, Bazazzagiya, ta dafa gwiwata ta ce, "Ƙanwata, daina zubar da hawaye. Ki dai riƙe maganinki. Nawa uku na haifa a cikinsa, duk lafiyarsu ƙalau, babban yana aji huɗu." Ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Ban iya ce mata ba ni ba ce. Na karɓa na sha, kuma a duk watannin nan ita kaɗai ce ta lallashe ni a kan abin da ke damuna, ko da yake ba ta san ainihinsa ba. Ban ƙara ganinta ba, ban ma tambayi sunanta ba.

Makonnin farko na maganin sun ba shi wuya. Barci ya ƙaurace masa, kansa yana sarawa, da safe ya tashi jiri na ɗibarsa. Sau biyu yana cewa zai bari. Na ce, "Bari mana, in ga wanda zai yi wa ɗanka huɗuba." Na sa ƙararrawa a wayata, in ta buga in miƙa masa ƙwaya da ruwa a kofin jan zare, in tsaya sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ina dama masa kunun gyaɗa, ina yi masa faten wake da alayyafo, abin da duk aljihu ya iya. A hankali jirin ya tafi. Ƙurajen suka bushe suka bar tabo. Ya fara neman ƙari a tuwo. Wata rana na ji shi a tsakar gida yana yi wa keken maƙwabciyarmu gyara yana tsokanarta, na san Injiniya ya dawo. Yaya Talatu ta ce ai ta faɗa, rubutunta ne ya karya asirin.

Jikinsa ya dawo, amma ni bai dawo mini ba. Anti ta gaya masa a gabana, ba sau ɗaya ba, cewa ba a ɗauka a kofi, ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a gumi ko musabaha. Ta yi mana bayanin yadda ma'aurata ke kare kansu kafin sakamako ya fito, ba kunya ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ya ji. Muna komawa gida ya ɗauki kofinsa. An sake auna ni cikin watannin cikin, babu komai, na nuna masa, ya ce alhamdulillahi, ya ƙara matsawa nesa.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan zaman ba. Mutum yana gabanka, kana jin tarinsa ta bayan labule, kana wanke masa kaya, amma ko yatsarka ba ya bari ta taɓa tasa in kana miƙa masa abu. Na yi lalle, na yi kitso, na sa turaren da yake so, tunda mai iddar kome an yarda ta yi ado ko Allah zai sa a waiwaye ta. Sai ya dube ni ya kawar da kai. Ranar da ɗan ya fara motsi sosai na ce, "Injiniya, zo ka ji ɗanka yana buga ƙwallo." Ya taso har ya miƙo hannu, sai ya tsaya, ya maida shi aljihu. Ya ce, "Ina gani daga nan." Matan gidan kuwa suna ta yi mini tsiya, wai ni da mijina kamar tantabaru, kullum muna ɗaki. Nakan yi dariya in shige. Da abin cikina nake hira, shi nake gaya wa komai.

Duk bayan 'yan kwanaki sai na tuna masa. "Kalma ɗaya ce fa." Amsarsa ba ta canzawa: "Sai na ji da kunnena an ce ta kwanta. Ranar zan maida ke da hujja, ba da ƙarfin hali ba." Na ce masa kome ba ya nufin dole sai ya kusance ni, ya faɗa kawai ya ci gaba da kwana a falonsa. Ya ce shi ya san zuciyarsa, in ya faɗa ba zai iya zama a falo ba. Kun ji irin taurin kan. Ga so, ga wauta, an dama su wuri guda.

Aka ɗebi jininsa cikina yana wata takwas da 'yan kai. Muka ɗauka kwana biyu ne. Ashe ba a nan ake aunawa ba, sai an tara an aika wani wuri. Ya koma, aka ce bai dawo ba. Ya sake komawa, aka ce na'urar can ta samu matsala. A nan kam ina da ƙorafi, kuma zan faɗa: masu abin nan ba su san cewa a bayan kowace 'yar kwalbar jini akwai gidan da ya tsaya cak yana jira ba. Shi da yake gudun layi, sai ga shi yana zuwa da kansa ba takunkumi, yana roƙon a duba masa.

Naƙuda ta zo mini kafin lokacin da aka ce. Ranar Talata ce da hantsi, yana kasuwa. Ina tsakar gida ina shanya, na ji abu ya tsinke. Maƙwabciyata ta tsayar da keke ta kai ni asibiti. A hanya, tsakanin ciwo da ciwo, na kira shi. Na ce, "Injiniya, abin ya zo. Faɗi."

Ya ce, "Ga ni nan, na riga na hau keke."

Na ce, "Ba zuwanka nake so ba. Faɗi yanzu!"

Ya yi ƙasa da murya, ina jin hayaniyar titi da muryoyin wasu maza kusa da shi. "Sa'adatu, ina cikin mutane. Akwai wanda ya san ni a nan. Bari in iso."

Kunya. Kada fasinjan keke su ji Injiniya yana maida matarsa, su san ya taɓa sakinta. Maƙwabciyata tana gefena tana ta sannu, ni ma ban iya fasa ihu in ce ga abin da nake nufi ba, tawa kunyar ta riƙe ni. Muna isa aka karɓe wayar aka shige da ni.

An ce haihuwar fari tana daɗewa. Tawa ba ta daɗe ba. Shi kuma cunkoso ya riƙe shi a hanyar Kawo. Ni dai na san ina kan gadon nan ina yi wa abin cikina magiya a zuci, ina cewa dakata, dakata ubanka ya iso, unguwarzoma tana ce mini yi nishi. Wace uwa ce ke roƙon ɗanta kada ya fito? Ni na yi. Da na ji kukanta, mace ce, kowa a ɗakin ya ce barka, ni kuwa na juya fuska bango.

Da aka bar shi ya shigo, gumi ya jiƙa masa riga. Ya durƙusa a bakin gadon, ya kama hannuna, karo na farko tun ranar jan zare, ya ce a hankali, "Na maida ke." Na ce, "Ka makara, Injiniya. Ga ta nan." Daga baya ya je ya tambayi wani malami a wata unguwa, ba tare da ya ambaci suna ba. Malamin ya tambaye shi ko ya ƙudurta komen a ransa tun a hanya. Shi kuma ba ya ƙarya, ya ce a ransa cewa yake sai ya iso tukuna. Malam ya ce to idda ta cika, sai sabon ɗaurin aure.

Aka kai ni gida wankan jego, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, don haka ba wanda ya zargi komai. Aka yi suna, ya sa wa yarinyar sunan mahaifiyar Baba, muna kiranta Hajiyayye. Kwana kaɗan bayan suna ya kira ni. Yana gaban Anti. Ta karɓi wayar ta ce, "Maijego, albishirinki. Ta kwanta. Na'ura ba ta ga komai ba." Na ce alhamdulillahi, kuma har ga Allah na yi murna. Sai da na ajiye wayar na tuna Anti ba ta san an sake ni ba.

Ya zo wajen Baba neman sabon aure. Da farko ya ce ɓacin rai ne ya sa shi furta saki. Baba ya yi masa faɗa, ya yi mini na ɓoyewa, sannan ya ce ba komai, a ɗaura ranar Juma'a. Sai dai limamin unguwarmu yanzu ba ya ɗaura aure sai an kawo takardar gwaji, ko na bazawara ne, don haka mu je mu yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Injiniya ya gyara zama ya gaya masa gaskiya tun daga farko.

Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Da Baba ya buɗe baki, ba da faɗa ya fara ba. Ya ce, "Sau ɗaya na ba da ita ido rufe, Allah ya rufa mini asiri. Ba zan ba da ita ido buɗe ba." Na fito ba ko mayafi na durƙusa, na yi masa bayanin duk abin da Anti ta ce, cewa cutar ta kwanta, cewa ba zai sa mini ba. Baba ya ce, "Abin da ya kwanta ai yana tashi." Na ce in yana shan magani ba ta tashi. Ya ce, "In ya bari fa? Ba shi ne ya yi wata biyu yana shan ruwan jarka ba?" Baba ba mugu ba ne. Tsoro ne irin na Injiniya, ya sauya gida kawai. Yayana ya sa baki, Inna ta yi kuka, har Anti ta ce a kawo mata shi ta yi masa bayani. Baba ya ce shi ba ya zuwa.

To ga abin da nake so ku ɗauka. In an ce ka fara magani yau, ka fara yau, ko kana jin za ka iya ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya. Makonnin da Injiniya ya ɓata yana cewa lafiyarsa ƙalau, su ne suka tura sakamakonsa bayan haihuwata. Kada kuma ka yanke wa matarka hukunci ranar da aka gaya maka, kanka ba daidai yake ba a ranar. Ina gode wa Anti, ina gode wa matar da ta ba ni lemo, ina gode wa duk wanda ya sa maganin nan ya zama kyauta. Ni lafiyata ƙalau, an auna ni an sake aunawa. Hajiyayye ma haka.

Yanzu tana tafiya, har ta fara cewa Abba. Masu neman aure sun zo, na ce a ba su haƙuri. Injiniya yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci ya ga 'yarsa a zaure, Baba bai hana shi wannan ba. Bai taɓa fashin magani ba, an sake auna shi, tana nan kwance. Inna ce ke aika masa da ruwa, kuma ta ware masa kofi na roba, ta ɗaura masa tsumma a hannu don kada ya ɓace cikin namu. Ranar da na fara ganin tsumman nan, jan zaren nan ne ya faɗo mini a rai.

Juma'ar da ta wuce na riga Inna. Na ɗauko kofina na silba, wanda nake sha da shi, na cika shi da ruwan randa na fita da kaina. Baba yana kan tabarmarsa da carbi, tare da abokansa biyu da suka biyo shi daga masallaci. Injiniya yana gefe da yarinyar a cinya. Na durƙusa na miƙa masa. Ya dubi kofin, ya ga ba tsumma ba zare, ya dube ni. Ya karɓa ya sha rabi. Na amshe, na kafa baki daidai inda ya sa nasa, na shanye sauran a gabansu.

Sai Injiniya ya ɗaga kai, a gaban Baba, a gaban baƙi, da murya mai ƙarfi har ta fita titi, ya ce, "Sa'adatu, na maida ke."

Carbin Baba ya tsaya. Ya dube shi, ba da fushi ba, ya ce, "Yaro, a keke ake faɗin wannan."

Na ɗauki kofina na shiga gida.